Idan Romo Ya Ƙare

Kafin jirgin ƙasan farko ya fara ɗibar ma'aikata da asuba, mai ramen ya riga ya kunna wuta. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a wani lungu na Tokyo ko a ƙarƙashin gadar jirgi: doguwar kanta ta katako, kujeru takwas ko goma a jere, a bayan kantar kuma ga dogayen tukwanen ƙarfe da suke kira zundo, waɗanda ƙaramin yaro zai shige ciki ya ɓuya. Aikin farko ba shi da daɗin kallo. Ƙasusuwan da suka kwana a ruwa za a tafasa su sau ɗaya a zubar da ruwan, a bi su ɗaya bayan ɗaya da buroshi ana kankare daskararren jini, don kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa romo ƙarni. Daga nan a mayar da su tukunya, mutum ya tsaya a kanta da ludayi yana kwashe kumfa. Mai saye na farko ba zai shigo ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kuma idan ya zauna, minti goma ya ishe shi ya share kwanon ya tashi.

Ramen taliyar alkama ce a cikin romo mai zafi, da yankan nama da lawashi a sama. Iyakarta ke nan idan da baki za a faɗa. Amma a Japan akwai mutanen da suka shekara talatin, arba'in, ba su sayar da komai ba sai wannan kwano ɗaya, kuma har gobe suna ganin da sauran gyara a cikinsa. Abin da ya ja hankalina ga sana'ar ke nan. Abincin lebura ne da direba da ɗalibi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma mai yin sa yana ba shi irin kulawar da maɗinki ke ba babbar rigar sarki.

Romo iri biyu ne a wurinsu, kuma wuta ce ke raba su. Akwai tsararre, wanda ake hango gindin kwano ta cikinsa. Wannan ba a barin sa ya yi tafasa mai ƙarfi. Ana rage wuta har ruwan ya riƙa motsi a hankali kawai, tsawon sa'o'i, don da zarar ya ɓararraka sai ya gurɓace, kuma ba ya komawa. Akwai kuma farin romo mai kauri kamar madara, shi kuwa wuta ake buɗe masa, ya yi ta zaɓalɓala sa'a goma sha biyu ko fiye, ana juyawa da ƙaton muciya kada ya kama, har kitse da ɓargo da dankon ƙashi su narke su haɗe da ruwa su zama abu ɗaya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Duk wanda ya ga ƙashin da aka tsamo daga irin wannan tukunya, yana marmashewa tsakanin yatsu kamar alli, zai san maganar ba ta yi nisa da zahiri ba.

Gara a faɗi wata magana tun da wuri, don mai karatu Musulmi zai so ya sani: mafi yawan romon ramen a Japan da ƙashin alade ake yin sa, ko shi kaɗai ko a gauraya da na kaza, kuma yankan naman da ake ɗorawa a sama, wato chashu, shi ma galibi na alade ne. Farin romon da ya fi shahara, tonkotsu, ma'anar sunansa ke nan, ƙashin alade. Asalinsa garin Kurume ne a lardin Fukuoka, inda wata rumfar bakin titi mai suna Nankin Senryo ta fara shi a 1937. A wannan garin har yanzu akwai masu dabarar da ake kira yobimodoshi: tukunya ba ta taɓa zama wayam, kullum sabon romo ake ƙarawa a kan na jiya. Shagon Taiho yana alfahari da cewa haka tasa tukunyar take tun 1953. Zan dawo kan abin da baƙo Musulmi ke yi. A yanzu dai sana'ar muke kallo.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne romon nan da aka sha wa wahala babu gishiri a cikinsa. Ɗanɗanon yana cikin wani haɗi dabam da ake kira tare, ruwa ne mai kauri da gishiri ya yi masa yawa, wanda ake zuba ɗan ludayi ɗaya a gindin kwano kafin a kwara romo a kai, kusan kashi ɗaya cikin goma. Daga tare ramen ke samun sunanta. Idan da shoyu aka haɗa shi, wato baƙin ruwan tsimin waken suya da alkama, sai a ce shoyu ramen. Idan gishiri ne ginshiƙinsa, shio. Idan kuma miso ne, wato niƙaƙƙen waken suya da aka bari ya tsima wata da watanni, to wannan salon Sapporo ne can arewa mai dusar ƙanƙara, inda Omiya Morito na shagon Aji no Sanpei ya fito da shi a shekarun 1950. Tare shi ne sirrin gida. Yaron shago yana iya shekara yana wanke ƙashi, yana yanka lawashi, bai taɓa ganin yadda ake haɗa shi ba, don sau da yawa maigida shi kaɗai yake yi bayan kowa ya watse.

Bahaushiyar da ta san aikin daddawa a miya ba za ta sha wahalar gane wannan ba. Wake idan ya tsima yana sakin wani sinadari da ke cika baki da daɗi. A 1908 wani malamin kimiyya a Tokyo, Ikeda Kikunae, ya tace wannan sinadari daga kombu, wani faffaɗan ganyen teku da Japanawa ke busarwa, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. Daga bincikensa aka samu Ajinomoto, farin magin da ke kan teburin kowane mai kayan miya a kasuwanninmu. Mai ramen ya san wani abu ƙari: idan aka haɗa na ganyen teku da na busasshen kifi ko na nama, daɗin yana ninkuwa sau da yawa fiye da yadda lissafi zai nuna. Shi ya sa yake jiƙa kombu a ruwan sanyi ya kwana, ya cire kai da hanjin ƙananan busassun kifayen niboshi ɗaya bayan ɗaya saboda ɗaci, ya kuma san daƙiƙar da zai tsame su.

Ita kuwa taliyar, abin da ya bambanta ta da sauran taliyoyin Japan shi ne kansui, kuma a nan ne na ji abin ya zo kusa da gida. Kansui ruwa ne mai gishirin toka, ɗan uwan kanwa ne na jini, sinadarin da ke cikin kanwarmu shi ne ɗaya daga cikin biyun da ake haɗa shi da su. Kaɗan ake sawa a kwaɓin fulawa, sai taliyar ta yi launin rawaya ba tare da ƙwai ba, ta yi danƙo da tauri a haƙori, ta kuma ɗauki wani ƙamshi nata. Idan babu kansui, to abin da ke kwanon ba ramen ba ne.

Yawancin masu shago ba sa murza taliyarsu da kansu. Akwai masana'antu na musamman, seimenjo, da ke kawo musu kowace safiya a cikin faffaɗan akwatuna masu ɗauke da sunan masana'antar, kuma akan jibge akwatunan a inda mai saye zai gani, don sunan shaida ne. Mai shago da mai taliya sukan yi ta kai da kawo kafin su daidaita: yawan ruwan kwaɓi, kauri, miƙaƙƙiya ko mai lanƙwasa. Har wuƙar yankan tana da lamba, kuma lambar tana nufin adadin silin da ke fita daga faɗin milimita 30. Ta Hakata, a lardin Fukuoka, siririya ce, miƙaƙƙiya, ruwanta kaɗan, lambar wuƙarta sama da 20, tana nuna cikin ƙasa da minti ɗaya. Ta Kitakata, wani ƙaramin gari a lardin Fukushima inda mutane ke karya kumallo da ramen, faffaɗa ce mai ruwa da yawa, ana matsa ta da hannu ta lanƙwashe don ta riƙe romo.

Ramen abincin baƙo ne a asalinsa. Bayan an buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga 'yan kasuwar waje a 1859, Sinawa suka kafa unguwarsu a can, da taliyarsu mai kansui. A 1910 wani tsohon ma'aikacin kwastan, Ozaki Kan'ichi, ya ɗauko masu dafuwa Sinawa daga Yokohama ya buɗe shagon Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo, aka saka shoyu don ta dace da harshen 'yan ƙasa. Shekaru da yawa sunanta taliyar Sin. Masu talla suna tura amalankensu cikin dare suna busa charumera, wata 'yar ƙaramar algaita, mai jin yunwa ya leƙo. Yaƙin duniya na biyu ne ya mayar da ita abincin kowa. A 1945 shinkafa ta yi mummunar gazawa, birane sun ƙone, sai ga alkamar Amurka tana shigowa, wani kaso nata yana sulalewa kasuwar bayan fage, inda rumfuna ke sayar da kwano mai zafi da maiƙo ga mutanen da suka rasa komai. Layin masu jiran irin wannan kwano a Osaka shi ne ya tsaya wa Ando Momofuku a rai, har a 1958 ya fito da busasshiyar taliya ta cikin leda, Chicken Ramen, a kan yen 35. Indomie da mai shayi ke soyawa da ƙwai a bakin titin Kano jikanyar wannan dabara ce, ta biyo ta hanyar Indonesiya. Dangantakar gaskiya ce, amma tsakanin ta leda da ta shago akwai tafiyar yini guda a kan wuta.

Ƙarfe goma sha ɗaya maigida ko yaronsa zai fito ya rataya noren a ƙofa, wani guntun labule mai tsage-tsage da sunan shago a jiki. Labule a rataye, shago a buɗe. Idan wurin ya yi suna, an riga an yi layi a jikin bango, shiru, kowa da wayarsa. A bakin ƙofa akwai na'urar tikiti: ka saka kuɗi, ka danna abin da kake so, ta tofo maka 'yar takarda. Hikimar ita ce hannun da ke taɓa abinci kada ya taɓa kuɗi, kuma mutum biyu su iya riƙe shago ba mai karɓar kuɗi. Kana ɗaga labule za a tarbe ka da murya ɗaya, irasshaimase, wato maraba. Ka ɗora takardarka a kan kanta, ka zuba wa kanka ruwan sanyi, ka zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ka sani ba.

Daga nan komai a gabanka ake yi, kuma minti biyu ko uku ne. An ɗumama kwano da ruwan zafi. Taliya ta faɗa cikin wata zurfaffiyar gwagwa mai mariƙi a tukunyar da ke tafasa, an danna agogo. Kafin ta nuna, tare ya shiga kwano, sai cokali ɗaya na mai mai ƙamshi, wanda aka soya da albasa ko tafarnuwa, shi ne zai yi shimfiɗa a sama ya tsare zafi. Romo ya biyo. Agogo ya yi ƙara, maigida ya fizgo gwagwar ya kaɗa ta ƙasa da ƙarfi sau uku ko huɗu. Wannan kaɗawa sunanta yukiri, kuma ba ado ba ce: ruwan dafuwar da ya maƙale a taliya yana tsinka romo, ya shigar masa da warin kansui. Sai ya sa dogayen tsinkaye ya ɗaga taliyar ya kwantar da ita a romo kamar an taje ta. Nama, tohon gora da aka tsima, ganyen teku baƙi, lawashi, wani lokaci dafaffen ƙwai da gwaiduwarsa ba ta gama daskarewa ba. Ya miƙo maka da hannu biyu ta saman kanta.

Ba a jira. Taliya tana ci gaba da shan romo a cikin kwano, idan ka tsaya hira sai ta saki, abin da suke cewa ta miƙe, kuma aikin mutumin nan na tun asuba ya lalace a gabansa. Shi ya sa ake zuƙar ta da zafinta, da ƙara. Mu da aka tarbiyyantar a kan kada a ji motsin bakinka a gaban mutane, wannan yana yi mana nauyi da farko, amma iskar da ke shiga tare da taliyar ita ke rage zafi ta kai ƙamshi hanci. A Hakata, saboda siririyar taliyarsu ba ta jure zama, kaɗan ake zubawa. Idan ka cinye kana da sauran romo sai ka ce kaedama, a ƙaro maka wani curi. Al'adar ta taso ne a Nagahama, wajen kasuwar kifi, inda 'yan dako ba su da lokacin zama. Har tauri kai za ka zaɓa, daga mai laushi zuwa barikata, wadda da ƙyar ta ga ruwan zafi. Idan ka gama, a shaguna da yawa kai za ka ɗora kwanonka a saman kanta, ka goge gabanka da tsumman da aka ajiye, ka ce gochisosama, wato an gode da abinci, ka ba na bayanka wuri. Wasu na ganin wannan gaggawa rashin sakewa ce. Ni ina ganin ladabi ne ga mutum uku: wanda ya dafa, wanda ke tsaye a waje cikin sanyi, da kai kanka mai ci.

Yadda ake koyon sana'ar ba zai zama baƙo ga wanda ya san zaman yaro da maigida a kasuwa ba. Mutum ya shiga shago ya fara daga wanke-wanke da goge daɓe mai santsin kitse, tsayuwar sa'a goma sha biyu cikin tururi, hannu duk tabon ƙuna. Bayan shekaru a ba shi gwagwa, bayan wasu a ba shi tukunya. Idan maigida ya gamsu sai ya yaye shi, kuma sunan yayen yana da kyau: noren-wake, raba labule. Ma'ana an yarda ya rataya sunan gidan a tasa ƙofar. Ta haka shaguna ke da salsala kamar ta malamai. Yoshimuraya da aka buɗe a Yokohama a 1974 ya haifi zuriya guda da ake kira iekei, kuma masu bin diddigi sun san wane ya koya a wurin wane.

A cikin magabatan sana'ar, wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Yamagishi Kazuo. Yana yaron shago a Taishoken, ma'aikata kan tattara ragowar taliya su tsoma a ɗan kofin romo su ci a tsaye. Masu saye suka gani suka ce su ma suna so. A 1955 ya sa ta cikin abin sayarwa, taliya mai sanyi a kwano ɗaya, romo mai ƙarfi a wani, kuma wannan ita ce tsukemen da ake ci ko'ina a Japan yau. A 1961 ya buɗe nasa shagon a Higashi-Ikebukuro. Da matarsa ta rasu a 1986 ya rufe wata da watanni, sai roƙon masu saye ya dawo da shi. Ya ci gaba da tsayuwa a bayan kanta har gwiwoyinsa suka lalace. A sana'ar da kowa ke ɓoye haɗinsa, shi duk wanda ya zo koyo yana nuna masa komai, ya kuma bar shi ya tafi da sunan Taishoken. An rufe tsohon shagon a 2007 saboda za a sake gina unguwar, shi kuma ya rasu a 2015.

Yau babbar damuwar masu sana'ar kuɗi ce. A ran Japanawa ramen abincin talaka ne, kuma akwai wata iyaka da suke kira katangar yen dubu: da zarar kwano ya haura yen 1,000, mai saye yakan ja baya. Amma fulawa da nama da gas da ladan ma'aikata duk sun tashi, kuma tukunyar da ke kan wuta rabin yini ba ta san tsimi ba. Kamfanin binciken kasuwanci na Teikoku Databank ya ƙirga masu shagunan ramen 72 da suka karye a 2024, adadin da ba a taɓa gani ba, ban da ɗimbin waɗanda suka sauke labule shiru. A watan Yulin shekarar aka fito da sababbin takardun kuɗi, ƙananan shaguna suka wayi gari da nauyin sauya na'urar tikiti. A ɗaya ɓangaren kuma, shagon Tsuta na Onishi Yuki, wanda a lokacin yake da kujeru tara a unguwar Sugamo, ya samu tauraron Michelin, lambar yabo ta gidajen abinci, a ƙarshen 2015, karon farko da shagon ramen ya samu. Duniya ta yarda abin gwaninta ne. Ina ganin bai dace a yaba wa mutum da baki a kuma hana shi ƙara yen ɗari a kan aikin da ya cinye masa gwiwa ba.

To, baƙo Musulmi fa? Ban da alade, akwai mirin da sake, giyar shinkafa da ake yawan sawa a tare da kuma ruwan dafa nama, don haka ko an ce romon kaza ne sai an tambaya. Amma tun da baƙi daga Malesiya da Indonesiya suka yawaita a shekarun 2010, shagunan halal sun buɗe a Tokyo da Kyoto da Osaka, wasu har da ɗan wurin salla. Farin romon kaza, tori paitan, shi ne madogararsu. Ƙafar kaza da fuka-fukai da ƙashin baya suna ba da danƙon da ake nema idan aka ba su lokaci, kuma mai dafuwar sai ya sake gina tare daga tushe, ya nemo zaƙi da ƙamshin da giya ke bayarwa ta wata hanya. Aiki ne sabo a cikin tsohuwar sana'a, kuma waɗanda suka yi shi da gaske ba su rage komai daga wahalar ba.

Wasu shagunan ba su da lokacin tashi tsayayye. Tukunya ita ke yanke hukunci. Idan ludayi ya fara taɓa gindi, ko da ƙarfe biyun rana ne, ko da mutum goma na tsaye a waje, yaron shago zai fito ya sunkuya ya ba su haƙuri, ya manna takarda a ƙofa: supu-gire, romo ya ƙare. Ruwa yana nan a famfo, tare yana nan a tulu, amma maigida ba zai tsinka ba. Ya shigo da labule, ya kwashe ƙasusuwan da suka mutu, ya wanke zundo har ƙasa, ya tara ruwan sanyi ya jefa kombu a ciki, ya jiƙa ƙasusuwan gobe, sannan ya kashe fitila.